Mai Neman Kakansa a Sabo: Sharhi a Kan Littafin Abner Cohen

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, duk mai zama cikin mutane a unguwar nan ya san 'yan shekarun nan matasanmu sun tashi haiƙan wajen neman asalinsu. Ba don nishaɗi suke yi ba. Wani takardar indijin yake nema don shiga makaranta ko ɗaukar aiki, an ce masa ya koma garin ubansa, alhali uban nasa a nan Badun aka yanke masa cibiya, kakan ne ya zo daga Arewa, garin kuma sai dai suna. Wani gidan gado ne ya haɗa su da 'yan'uwa, ana jayayya a kan wane ne ɗan ciki wane ne ɗan riƙo. Wani kuma aure ya zo nema, iyayen yarinya suka ce a kawo asali. Kun ga ke nan magana ce ta haƙƙi, ta dukiya, ta mutunci.

Yaran nan sun ga yadda Turawa suke yi a talabijin da intanet: mutum ya shiga maƙabartar coci, ya karanta sunan kakan kakansa a jikin dutse da ranar haihuwa da ranar mutuwa, ya wuce ofishin ajiye takardu ya haɗa wannan da wancan. Sai su ma su fara da maƙabarta, su dawo hannu rabbana. Daga nan sai wani ɗan jami'a ya ce musu ai akwai littafin da aka rubuta a kan Sabo sukutum, sai a yi ta hotonsa ana miƙa wa juna kamar laya. Wannan littafi nake so mu auna yau, yadda muke auna kaya kafin mu biya: me ke cikinsa da zai amfani mai neman asali, me kuma babu. Ni karatuna na allo ne da Islamiyya, Turancina na ciniki ne, saboda haka da ɗalibanmu muka zauna suna karantawa suna fassarawa babi bayan babi, ina tsayar da su inda maganar ta taɓa abin da na ji daga dattawa.

Amma bari mu fara sallamar maganar maƙabarta, don a san dalilin da ya sa ta yi shiru. Ba sakacin iyayenmu ba ne. Imamu Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa Manzon Allah (SAW) ya hana shafe kabari da farar ƙasa da yin gini a kansa da zama a kai, a ruwayar Tirmizi kuma aka ƙara da yin rubutu. A Risala, wadda kusan duk almajirin da ya sauke ya taɓa, an karhanta gini a kan kabari. Muhtasar ya yarda a sa dutse ko itace don a gane wurin, amma ba tare da zane ba. Asalin wannan kuwa shi ne dutsen da Annabi ya ajiye a kabarin Usmanu ɗan Maz'un don ya riƙa gane kabarin ɗan'uwansa, kamar yadda Abu Dawuda ya kawo. To a kan wannan iyayenmu suka tafi: tudun ƙasa, fasasshiyar tukunya ko reshen itace, shi ke nan. Damina uku ta Kurmi ta wuce, ciyawa ta rufe, wanda ya haƙa kabarin ma sai ya yi da gaske kafin ya nuna shi.

Maƙwabtanmu Yarbawa nasu tsarin daban ne. Da yawansu a gida suke binne babba, a ƙofar gida ko a tsakar gida, a ɗaure kabarin da siminti a rubuta suna da shekara. Kabarin nan shaida ne cewa gidan nasu ne, kuma ga kirarin zuri'a da suke kira oriki wanda kowace tsohuwa ta haddace. Mu baƙi muka zo, ƙasar ba tamu ba, kuma mazhabarmu ba ta ba mu wannan hanya ba. Ba kuma cewa nake dutsen kabari ba shi da amfani ga tarihi ba. A Gao ta ƙasar Mali an tono duwatsun kaburburan sarakuna Musulmi a 1939, waɗansunsu na marmara da aka sassaƙo tun daga Andalus wajen shekara ta 1100, kuma sun fito da sunayen sarakuna da sarauniyoyi waɗanda littattafan tarihin Tumbutu ba su kawo ba. Inda dutse yake, shaida ne mai ƙarfi. Mu dai ba mu da shi. Hubbaren Shehu Usmanu a Sakkwato, wanda ya rasu a 1817, ba rubutun dutse ne ya tsare shi ba, jama'a ce ba ta taɓa daina zuwa ba. Kabarin da ba a ziyarta kuwa ɓacewa yake yi.

Abin da nake ƙi shi ne sabon salon da ya fara shigowa: mutum ya samu kuɗi, ya je maƙabarta, wani yaro ya nuna masa wani tudu ya ce nan ne, sai ya sa tayil ya kafa allon ƙarfe da sunan kakansa da shekarar da ya ƙiyasta da ka. Bayan shekara talatin jikansa zai zo ya karanta allon nan ya ɗauka hujja ce. An saɓa wa abin da malamai suka karantar, an kuma dasa ƙarya a wurin da ya fi ko'ina cancantar gaskiya.

To, mu koma kan littafin. Sunansa Custom and Politics in Urban Africa, wato al'ada da siyasa a biranen Afirka, kuma an buga shi a 1969. Marubucinsa Abner Cohen masanin zamantakewar al'umma ne, haifaffen Bagadaza, wanda ya koyar a Jami'ar Landan, ya rasu a 2001. Ya yi bincikensa a nan Sabo tsakanin 1962 da 1963. Ya ƙidaya mutanen unguwa ya same su sun ɗan haura dubu huɗu, ya zauna da masu gidaje da dillalai da malamai, ya kuma duba tsofaffin fayilolin gwamnati. Tambayar da ta dame shi ita ce: yaya aka yi 'yan tsirarun Hausawa a tsakiyar babban birnin Yarbawa suka riƙe cinikin shanu da na goro a hannunsu shekara da shekaru, kuma maimakon su narke cikin masu gari sai Hausancinsu ya ƙara kauri? Amsarsa ita ce, al'ada da addini da sarautar unguwa su ne katangar da ta tsare kasuwar.

Alherin farko da littafin ya yi wa mai neman asali shi ne ya kafa masa turke na shekaru. An kafa Sabo a 1916. Kafin nan Hausawan Badun a cikin gari suke, a warwatse a gidajen Yarbawa, har aka yi ta ƙorafi a kan baƙi marasa mai tsaya musu, sarakunan gari da Turawan mulki suka ware wuri aka ce kowane Bahaushe ya koma can ƙarƙashin sarkinsa. Ka haɗa wannan da tarihin dogo: jirgin ƙasa ya iso Badun daga Ikko a 1901, ya isa Kano a 1911, sannan noman goro ya bunƙasa a ƙasar Yarbawa, wajen Agege da Shagamu, fatake suka rage dogon zuwa Gwanja. Da waɗannan shekaru uku a hannunka za ka iya tace labari. Wanda ya ce maka gidansu na Sabo ya shekara ɗari biyu, ka san lissafin bai fita ba. Wanda ya ce kakansa a taragon shanu ya zo daga Kano, ka san bayan 1911 ne. Wanda aka ce masa kakan ya fara zama a cikin gari wurin wani Bayarabe kafin ya dawo nan, to wataƙila yana cikin na farko-farko, kuma akwai gidan Yarbawa da ya kamata ya je ya gaisa ya yi tambaya.

Alheri na biyu ya fi wannan girma, ko da yake ba zai yi wa kowa daɗi ba. Cohen ya bayyana abin da ake dubawa kafin a karɓi baƙo a matsayin ɗan unguwa: ya zama Hausa ce harshensa, ya zama Musulmi, ya iya faɗin wani gari a ƙasar Hausa ya ce daga nan ya fito, kuma kada a ga tsagar wata ƙabila daban a fuskarsa. Jama'a, ku tsaya a kan sharaɗi na uku. Ashe sunan garin nan da muka gada, muke rantsuwa da shi, a wancan lokaci kamar fasfo ne. Mutum ya sauka a tasha da tabarmarsa da butarsa, ba shi da kowa, an tambaye shi daga ina, ya san in ya ce Kano ko Katsina ko Zariya ƙofa za ta buɗe, ya samu masauki da tuwo da mai tsaya masa. Mai yiwuwa daga wani ƙauye ne mai tafiyar kwana biyu daga birnin da ya ambata. Mai yiwuwa can ya yi almajiranci, ko can ya hau jirgi. Mai yiwuwa kuma iyayensa Barebari ne ko Nufawa ko Buzaye waɗanda suka zama Hausawa a hanya. Bai yi ƙarya don cuta ba, ya faɗi abin da za a gane ne. Amma jikan da ya ɗauki wannan kalma ɗaya ya hau mota ya tafi birnin Kano neman dangi zai sha rana a banza.

Wani masanin, Paul Lovejoy, a littafinsa na fataucin goro mai suna Caravans of Kola na 1980, ya ƙara haske a nan. Ya nuna manyan fataken goro na ƙasar Kano da kewaye rukuni uku ne: Agalawa da Tokarawa, waɗanda tushensu ya komo daga wajen Azbin, da Kambarin Barebari waɗanda suka samo asali daga Barno. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji ya rasu a 1955, Ba'agale ne, kuma ba wanda ya isa ya ce shi ba Bakano ba ne. Ke nan "mu Kanawa ne" farkon magana ce. A bayanta akwai wane ƙauye, wace unguwa, wace zuri'a, wace sana'a. Mai neman asali ya riƙa tambayar tsofaffi waɗannan, ya kuma tambayi irin tsagar da ke fuskar kakan, don tsaga takan faɗi abin da baki ya ɓoye.

Alheri na uku shi ne bayanin da ya yi a kan maigida da yaransa. Mu da muke cikin sana'a mun san wannan, amma ya tsara shi yadda yaro ɗan yau zai fahimta. Mai shanu ya taso daga Arewa ya sauka a gidan maigida, maigida ya ba shi ɗaki da abinci, dillalansa su sayar wa mahautan Yarbawa bashi, in mahauci ya ƙi biya maigida ne zai biya. Haka a goro, maigida ne ke ajiye kuɗin baƙo, yaransa su shiga ƙauyuka su sayo, a ɗaure huhu a tura Arewa. Irin wannan amana ba ta tsayuwa sai da mutanen da ka yarda da su kamar jininka. Shi ya sa maigida yakan yi wa yaronsa aure, ya karɓi ɗan yaron ya riƙe a gidansa, matansa su rene shi, ya tashi ana kiransa da sunan gidan. Cohen ya ga yadda riƙo da aure suke ɗaure mutane da maigida kamar yadda igiya ke ɗaure huhu. To a nan ne rabin rigingimun gadonmu suke kwance. An ce "Audu na Alhaji wane", shekaru suka tura, "na" ɗin ya faɗi, aka rubuta a rajistar makaranta kamar Alhajin ne uba. Alƙur'ani a Suratul Ahzabi ya yi umarni a kira kowa da sunan ubansa, kuma Buhari da Muslim sun kawo gargaɗi mai tsanani ga wanda ya jingina kansa ga wanda ba ubansa ba yana sane. Ɗan riƙo yana da haƙƙin kyautatawa, ana iya yi masa kyauta ko wasiyya cikin sulusi, amma ba ya gado. Akwai kuma wadda ta fi gado haɗari: yaran da suka tashi gida ɗaya, wace ce ta shayar da wane? In ba a rubuta ba, watarana za a ɗaura auren da shari'a ta haramta ba wanda ya sani.

Wannan shi ne abin yabo. Yanzu ga inda littafin ya gaza, kuma ina roƙon masu yawo da hotonsa su saurara.

Na farko, ba littafin salsala ba ne, mai shi ma bai ce shi ne ba. Tsari ya zo nema, yadda unguwa take tafiya, ba wane ya haifi wane ba. Mutanen da suka fito fili a ciki su ne masu faɗa-a-ji: sarki, manyan masu gidaje, manyan malamai. Ɗan dako, mai shayi, mai yankan farce, mai gadi, makaho da ɗan jagoransa, waɗannan a cikin lissafi suke, adadi ne a jadawali. Mafi yawanmu kuwa jikokin waɗannan ne, kuma ba abin kunya ba ne. Sannan masu irin wannan bincike sun saba sauya sunayen mutane don rufa musu asiri, saboda haka ko ka ci karo da suna irin na kakanka, kada ka yi saurin cewa ga shi. Muhammadu nawa ne a Sabo a 1963? Garba nawa, Ɗanjuma nawa? A gida ɗaya ma sai ka samu kaka da jika suna ɗaya saboda an mayar, ga alkunya ta sa tsohuwa ba za ta taɓa faɗin sunan mijinta ko na ɗan farinta ba, sai laƙabi.

Na biyu, abin da ya faɗa a kan ɗariƙa. Ya kawo cewa a 1951 zuwa 1952 mafi yawan mutanen Sabo suka shiga Tijjaniyya, a zamanin da sunan Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha ya game ƙasa, kuma a 1952 suka daina zuwa babban masallacin gari suka tsayar da Juma'arsu a unguwa. Shekarun nan suna da amfani, mun gode. Amma fassararsa ita ce, da mulkin Turawa ya zo ƙarshe, siyasar jam'iyyu ta shigo, ikon sarkin unguwa ya yi rauni, sai jama'a suka sami wata sabuwar katanga a addini don tsare kasuwarsu. Ban ce babu ƙamshin gaskiya ba, ɗan Adam ba ya rabuwa da neman abinci. Amma dattijon da yake tashi tun kafin asuba yana lazimi, yake zaman wazifa kullum har ya mutu ba shi da ko akuya, wane cinikin shanu yake tsarewa? Wanda ya leƙo ta taga yana ganin sahu, ba ya ganin abin da ke cikin ƙirji. Ko kai ɗan ɗariƙa ne ko ba kai ba ne, wannan bai yi wa iyayenmu adalci ba. Kuma saboda ya kalli ɗariƙa ta fuskar siyasa, bai nuna wa mai bincike taskar da ke cikinta ba: takardun ijaza da salsala da muƙaddamai suke bayarwa, masu ɗauke da sunan mutum da na ubansa da na shehinsa, sau da yawa har da kwanan wata na Hijira. A wurinmu wannan takarda ita ce ta tsaya a matsayin dutsen kabari.

Na uku, maganar mata, kuma ita ta fi ci mini rai. Ya ba da fili mai yawa ga yawan mutuwar aure da matan da ke zaman kansu tsakanin aure da aure. Ba zan ce ƙarya ya yi ba, kowane zango na fatake yana da wannan, malamai ma sun yi ta wa'azi a kai. Amma yaron da ya buɗe littafin yana neman kakarsa mace, abin da zai fi gani ke nan. Ina tsohuwar da ta riƙe marayu biyar da kuɗin ƙosai? Ina ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin layi, ta san uwar kowa? Ina wadda ta zo daga Ilori ko Bida ko daga cikin garin nan na Badun, ta auri Bahaushe, ta haifa masa 'ya'ya? Dangin uwa su ne suka fi ɓace mana, alhali ta wajensu ake sanin muharramai, ta wajensu zumunci ya fi danƙo. A wannan ɓangare littafin ba zai kai ka ko bakin ƙofa ba.

Na huɗu, hoto ne na lokaci ɗaya. Bayan 1963 an yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, manyan motoci sun ƙwace wa jirgi kaya, kasuwar shanu ta bar inda take, jama'armu sun bazu zuwa Bodija da Ojo da Shasha da Akinyele, ga waɗanda fari na shekarun 1970 da 1980 ya koro daga Arewa da Nijar. Wanda kakansa ya zo bayan tafiyar Cohen, babu abin da zai tsinta a ciki sai yanayin unguwar da kakan ya tarar.

To ina mafita? Shaidu uku ne, kuma sai an gwama su. Shaida ta farko bakin tsofaffi, musamman mata. Da tsohuwar zuma ake magani. Ka je da goronka, ka zauna a tabarma, kada ka fara da "wane ne uban wane", ka fara da "Hajiya, da wa da wa kuka zo, wa ya tarbe ku, wa ya yi miki wankan jego?" Ka ɗauki muryarta a waya in ta yarda. Ka tambayi ta biyu ba a gaban ta farko ba. Ka auna labari da abin da ya faru a duniya, don su ba sa riƙe shekara da lamba: kafin zuwan Sarauniya ko bayansa, wato 1956, kafin a sauya fam zuwa naira ko bayansa, wato 1973.

Shaida ta biyu takardun cikin gida. Ku buɗe adakar tsoho kafin gara ta riga ku. Bangon Alƙur'ani da gefen Dala'ilu inda malamai kan rubuta ranar haihuwar 'ya'yansu da ajami, littafin bashi na maigida mai sunayen baƙinsa da garuruwansu, rasit na haraji, tsohon fasfon aikin hajji, wasiƙun da aka aiko daga gida ana sanar da rasuwa, takardar cinikin gida. Wasiƙa ɗaya mai sunan ƙauye da sunan mai unguwa ta fi littafin Cohen gaba ɗaya amfani ga mai ita. Wutar da ta ci shaguna da gidaje a rikicin Shasha a watan Fabrairu na 2021 ta isa ta koya mana cewa takarda guda ɗaya a ɗaki ɗaya ba ajiya ba ce. A ɗauki hotonta, a raba wa 'yan'uwa.

Shaida ta uku takardun hukuma. Gidan adana takardun tarihi na ƙasa yana nan cikin Jami'ar Ibadan, kuɗin mota kaɗan daga nan, an kafa shi a 1954 da ƙoƙarin Farfesa Kenneth Dike, kuma yana da 'yan'uwa a Kaduna da Inugu. A can ake ajiye fayilolin Razdan da Di'o na lardin Oyo, irin waɗanda Cohen ya duba, da takardun koke da jama'a suka riƙa kai wa hukuma a kan sarauta da kasuwa da filaye. Irin waɗannan takardu sukan zo da jerin sunayen waɗanda suka sa hannu ko suka dangwala yatsa. Amma a kula: akawun da ya rubuta ba Bahaushe ba ne, yadda kunnensa ya ji haka ya rubuta, kuma mai koke yana faɗin abin da zai taimaki ƙararsa ne. Haka takardar rantsuwar shekaru, wadda ta sa rabin dattawanmu aka haife su ranar ɗaya ga Janairu. Hatimin gwamnati ba ya mayar da ƙiyasi ya zama yaƙini.

Mu da muka yi ɗan karatun hadisi muna da ma'auni a hannu. Ba a karɓar magana sai an tambayi wa ya faɗa, daga wa ya ji, ya riske shi ko bai riske shi ba, akwai wani da ya faɗi irinta ta wata hanya daban? Abin da baki da takarda suka haɗu a kai, ka rubuta shi da ƙarfinka. Abin da mutum ɗaya ya faɗa, ka rubuta "in ji wance". Inda igiya ta tsinke, ka tsaya nan ka ce Allah ne masani. Kaka uku na gaskiya sun fi kaka goma sha biyu da aka sayo wurin maroƙi, waɗanda kullum sai sun ƙare a gidan sarauta ko a sharifta. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma Tirmizi ya kawo cewa ana koyon nasaba ne don a sada zumunci. Suratul Hujurati ta riga ta gaya mana dalilin da aka yi mu dangi-dangi da kuma wanda ya fi wani a wurin Allah.

Hukuncina a kan littafin shi ne: a karanta shi don a san irin unguwar da kakanninmu suka shigo da irin ƙofar da suka bi, kada a nemi sunayensu a ciki. Da Turanci yake, mutanen da aka rubuta a kansu kuwa da ajami da Larabci suka yi karatu, don haka ɗalibanmu su daure su riƙa bayyana wa dattawa abin da ke ciki da Hausa, dattawa su gyara inda ya kauce tun suna raye. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Shawarata ta ƙarshe ga limamai 'yan'uwana da kwamitin maƙabarta da masu unguwanni ita ce, kowane masallaci ya ajiye babban littafi guda. Ranar suna a rubuta yaro da ubansa da kakansa da uwarsa da uban uwarsa. Ranar ɗaurin aure a rubuta waliyyai da shaidu. In an ba da riƙo ko an shayar, a rubuta. Ranar jana'iza a rubuta mamaci da kwanan wata da layin da aka sa shi a maƙabarta. Wannan bai saɓa wa kowane littafin fiƙihu ba, kuɗinsa bai kai na buhun siminti ba, kuma doka ma tun 1992 ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa, sai mu haɗa da ita. Wanda ya fara a masallacinsa ya sanar da mu ta wannan mujalla don waɗansu su yi koyi.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da kakanninmu, waɗanda muka san kaburburansu da waɗanda ba mu sani ba, Ya haskaka makwancinsu, Ya ba mu ikon sada zumuncinsu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.